Mai Karɓar Garwashin Ƙarshe

A wani daji da ke bayan wata fadama, akwai wata tsohuwar kuka wadda cikinta ya rarake tun zamanin da ba wanda ya tuna, har ƙananan dabbobi suka mai da kogonta gari. Garin Kogo ake ce masa. Ba shi da girma, ba shi da tambari, in ka wuce ta gindinsa sai ka ce kuka ce kamar kowace kuka. Amma a duk faɗin dajin babu garin da ya iya sarrafa wuta kamarsa, kuma duk wanda ya ga yadda suke yi sai ya jinjina wa kakannin da suka tsara abin.

Mutanen Kogo sun ce kowane itace yana da wuta kwance a cikinsa, wadda ya tsotsa daga rana tun yana ɗanye. Mai garaje yakan tashe ta gaba ɗaya, ya ji ɗumi na rabin yini, ya ƙare cikin toka. Haka aka yi a wata kuka ta maƙwabta, shi ya sa yanzu kututturenta kaɗai ya rage. Su kuwa mutanen Kogo zare wutar suke yi kaɗan-kaɗan, kamar mai cire ƙaya daga tafin ƙafa.

In aka shigo da guntun ƙirya ta ƙofar sama, sai ya bi ta hannun gwanaye. Gara ce ke ɓare ɓawon, ba ta yin komai sai wannan. Ɓera ya sa haƙori a tsagar da Gara ta bari, haƙorin da in ka kai masa wata tsagar dabam ba zai shiga ba. Kurege ya juya icen, Maƙwaƙwafi ya ƙwanƙwasa a gurbin da ya yi daidai da bakinsa, sai ka ga ɗan garwashi ya faɗo, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Icen da in an bar shi a daji sai ya yi damina arba'in bai ruɓe ba, su kafin hantsi sun kwance shi. Da yamma kuma in ka duba haƙorin Ɓera da bakin Maƙwaƙwafi, za ka same su yadda suka fito da su da safe, ba su ragu ba, ba su maƙale a jikin icen ba. Ko ƙofar ma da mai tsaronta, Bushiya, wadda in ta ji ɗumi ya wadata a gari sai ta dunƙule ta toshe hanya, don kada a yi asarar itace.

Doka ɗaya ce garin ya tsaya a kanta: garwashi ba ya taɓa ƙasa. Cikin kuka duk busasshen zare ne, tartsatsi ɗaya ya isa ya tashi gari. Saboda haka Maƙwaƙwafi ba ya ƙwanƙwasawa sai ya ga kasko wanda babu komai a cikinsa yana jira a ƙarƙashi. Ɗaya daga cikin masu riƙe wannan kasko ita ce Ladingo, zabuwa.

Kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta, amma mutanen Kogo sun ce nata zanen tokar aiki ce, kuma gammon kasko ne ya cinye gashin kanta. Ladingo ba ta damu da tsiyar da ake yi mata ba. Tana son aikinta ƙwarai. Takan tari garwashi, ta rufe da murfi, ta ɗora a ka, ta kai shi matakala mai hawa huɗu da ke gangarawa gindin kuka. A kowane hawa akwai mai zama da nasa kaskon. Garwashi a rufe barci yake yi cikin toka, sai an juye shi daga kasko zuwa na ƙasa da shi yake shan iska, ya yi ja, ya gasa tsakuwar da aka jera a gefen hawan. Tururuwa su kwashi tsakuwa mai ɗumi su rarraba cikin gari, wurin tsofaffi da majinyata da masu girki, su dawo da wadda ta huce. Zafin ƙwanƙwasar gwanaye kan gasa tsakuwa biyu kacal a guntun ice ɗaya. Matakala kan gasa talatin.

A hawan farko, inda garwashi ya fi ja kuma kowa yake gani, Kiski ne ke zama, ƙadangare mai jan kai. A hawan ƙarshe Gafiya ce. A ƙarƙashinta kuma, cikin wani ɗan kududdufi mai sanyi tsakanin saiwoyi, inda haske ba ya kaiwa sosai, akwai tsohon kwaɗo, Baba Tankari. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, kuma duk garwashin da aka zare a Kogo wurinsa yake ƙarewa, ya dushe, ba sauran ƙarfi. Sai ya tare shi da jiƙaƙƙen hannu, ya tsoma a ruwa, ya yi cuu. Shi ke nan aikinsa, tun kafin a haifi iyayen Ladingo.

Masana sun ce kowannenmu yana ɗauke da irin wannan gari a jikinsa, dubbai bisa dubbai, ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani, kuma da aikinsu muke ɗaga hannu mu kai loma baki. Na jikinmu dai ba su da majalisa, watakila shi ya sa ba a cika jin kansu ba. Kogo kuwa yana da ita.

A shekarar da wannan abu ya faru Ladingo ta saka ƙwai tara. Ba a san zabuwa da haƙurin kwanci ba, kuma ita ga kasko a ka, don haka ta kai su ɗakin ƙyanƙyasa, inda tururuwa ke canza tsakuwa mai ɗumi a kewayen ƙwan kowa. Duk sawun da ta yi sai ta leƙa. Ta san kowane ɗaya da kamanninsa, har da wani ƙarami mai tsini da take sawa a tsakiya. Saura kwana biyar su fashe aka shiga marka, ruwa ba ɗaukewa, sanyi yana ratsa ɓawon kuka. A daidai lokacin ne kuma ranar kirari ta zagayo.

Al'adar garin ce, sau ɗaya a shekara a dakatar da aiki da hantsi, majalisa ta zauna a gindin matakala, Gyare maroƙi ya bi ma'aikata ɗaya bayan ɗaya yana yi musu kirari da abin da suka bayar. Mutanen Kogo suna girmama kyauta fiye da komai, kuma ba laifi ba ne, don gari ne da kowa ke ci da hannun wani. Gyare ya wasa Gara, ya wasa Ɓera. Da ya zo kan Ladingo ya ce, Ladingo mai kai ɗaya da wuta dubu, wadda ta ba matakala abin da matakala ke ba gari. Daɗi ya kama ta har ta rasa inda za ta sa kanta. Da ya zo kan Baba Tankari kuwa, sai ya yi abin da maroƙa suka saba yi duk shekara, ya yi tari, ya gyara murya, ya wuce.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kiski ya daɗe yana ganin kirarinsa ya yi masa kaɗan, kuma ya lura cewa hanya mafi sauƙi ta ƙara tsawo ita ce a nuna wani gajere. Ya miƙe, ya gaida shugabar majalisa, Magajiya Hawainiya, ya ce:

"Ranki ya daɗe, jama'ar Kogo, ina da tambaya, kuma ba da kowa nake ba. Me ya sa maroƙinmu yake tari a wuri ɗaya kowace shekara? Garin nan da kyauta aka gina shi. Gwanaye suna ba masu kasko, masu kasko suna ba matakala, mu na matakala muna ba juna, tururuwa suna ba gari. Tun muna yara aka koya mana cewa hannun mai bayarwa shi ne a sama. To ga wani a ƙasan kowa, wanda ba a taɓa ganin ya miƙa wa wani ko tsinke ba. Wutar da gwanaye suka sha wuya suka zaro, wadda ni da kaina nake miƙawa da hannun nan, shi kashe ta yake yi. Ban ce mugu ba ne. Na ce dai in 'ya'yanmu suka taso suka ga ana iya tsufa a Kogo da karɓa kaɗai, me za mu ce musu? Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ina roƙon majalisa ta kafa doka, duk wanda ba ya bayarwa ba shi da mazauni a kukar nan."

Yana magana yana gyaɗa kai, kamar yadda ƙadangaru suka saba amincewa da maganar kansu, har na kusa da shi suka fara gyaɗa nasu. Magajiya Hawainiya mace ce mai adalci ta hanyarta, wato takan ɗauki launin wanda ya yi magana a ƙarshe. Kafin Kiski ya zauna kanta ya soma ja. Ta sa aka kira Baba Tankari, ta tambaye shi ko akwai abin da ya taɓa ba wani a garin nan.

Tsoho ya yi tunani da gaske, don ba ya son ya yi ƙarya a gaban majalisa.

"Ranki ya daɗe, ban tuna ba," in ji shi. "Abin da aka miƙo mini nake karɓa. Ban taɓa barin na Gafiya ya jira ba, iyakar abin da na sani ke nan."

Aka yi dariya. Ladingo ba ta yi dariya ba. Wani abu ya ɗan sosa mata rai, sai dai kirarin Gyare yana kunnenta har lokacin, kuma mai kai ɗaya da wuta dubu ba ta so a ga ta tsaya wa mai karɓa. Da aka ce masu goyon baya su ɗaga, ta ɗaga fiffike tare da kowa. Kafin azahar Baba Tankari ya fita ta ramin saiwa ya nufi fadama. Ba shi da kayan da zai ɗaure, don haka bai ɓata wa kowa lokaci ba.

Aka koma aiki da fara'a. Ladingo ta kawo garwashi ta juye wa Kiski, Kiski ya juye wa na biyu da wani salo na musamman, na biyu ya juye wa na uku, na uku ya juye wa Gafiya. Gafiya ta juya ta miƙa ƙasa yadda ta saba, sai ta ga ruwa kawai. Ta rufe kaskonta ta zauna. Garwashi na biyu ya tsaya a hawa na uku, na uku ya tsaya a hawa na biyu, na huɗu ya tsaya a hannun Kiski. Da Ladingo ta iso da na biyar ta durƙusa za ta juye, sai Kiski ya ce ta ɗan jira, kaskonsa a cike yake. Ta jira. Sauran masu kasko suka zo suka yi layi a bayanta, kowa da wuta a ka. A can sama Maƙwaƙwafi ya duba ƙarƙashinsa bai ga kaskon da ba komai ba, ya janye bakinsa. Kurege ya daina juyi, Ɓera ya daina tsaga. Ga itace jibge a ƙofa, ga gwanaye lafiya lau, ga wuta a hannun kowa, amma ko tsakuwa ɗaya ba ta yi ɗumi ba.

Shawarwari ba su yi wuya ba, don ba a taɓa rasa su a irin wannan rana. Wani ya ce a mayar da garwashin sama, aka gwada aka ga ba a juye abu zuwa sama. Wani ya ce maƙwabta su yi musayar kasko don kyauta ta ci gaba da gudana, aka yi, kowa ya ba da cikakke ya karɓi cikakke, aka yi wa juna godiya. Gafiya da hannunta ya gaji ta ce bari ta jefa nata cikin kududdufin daga inda take. Garwashin ya bugi saiwa ya tarwatse, zaren bango ya kama, da ƙyar tururuwa suka kashe da jiƙaƙƙiyar ƙasa bayan Gafiya ta rasa gashin bakinta na gefe ɗaya. Aka nemi wanda zai sauka ya zauna cikin ruwan. Masu gashi suka ce sanyi, masu fiffike suka ce jiƙewa, kuma ba wanda ya faɗi babban dalilin, wato dokar da aka kafa da safe tana nan tana jiran duk wanda ya zauna a wurin.

Ladingo ta leƙa ɗakin ƙyanƙyasa da kasko a ka, ta taɓa tsakuwar da ƙafa ta ji ta fara hucewa. Hankalinta ya tashi. Sai ta tuna wata dabara da kakarta ta taɓa gaya mata, ta lokacin da Baba Tankari ya yi jinyar ƙafa. Ta hau wurin gwanaye, ta tara ɓaraguzan icen da ba a gama kwancewa ba, masu danshi, ta binne garwashinta a ciki. Ya mutu a hankali yana fitar da wani hayaƙi mai tsami. Kaskonta ya zama ba komai, ta tara wa Maƙwaƙwafi, ya ƙwanƙwasa, aka samu tsakuwa biyu. Da babu gara ba daɗi. Haka ta yi ta yi har rana ta faɗi, ta sake farawa da sassafe, guntun ice guda tsakuwa biyu, hayaƙin yana sa idanu ruwa, yana sa gaɓoɓin kowa tsami kamar wanda ya wuni yana gudu. Tsakuwa biyun kuma ba nata ba ne ita kaɗai, ga ƙwan kurciya, ga na tsuntsuwar tsada, ga tsofaffi suna rawar ɗari. Ta so ta ajiye komai ta kwanta a kan nata ƙwan, amma ƙirjinta biyar kawai zai rufe, kuma in ta kwanta tsakuwa biyun ma sun tsaya.

Da hantsin rana ta biyu ta sake leƙawa. Ƙwai biyu na gefe sun yi sanyi kamar dutsen rafi. Ta kara kunne a jikinsu ba ta ji motsi ba. Ƙaramin mai tsini na tsakiya yana da sauran ɗumi, kaɗan. Baƙin ciki ya cika ta, kuma abin da ya fi ci mata rai shi ne ta san fiffikenta yana cikin waɗanda aka ɗaga. Ta hau ta tari sabon garwashi, amma wannan karon ba ta binne shi ba. Ta ɗora a ka ta gangara gindin matakala, inda majalisa ta sake zama.

Ba a taɓa ganin zama irin wannan ba. Rabin 'yan majalisar ma'aikatan matakala ne da masu kasko, kuma ba mai ikon ajiye nasa, don haka kowa ya zo rungume da wuta yana ƙyafta ido cikin hayaƙi. Kiski yana tsakiyar bayani cewa matsalar ta samo asali ne daga raunin tarbiyyar kyauta a hawa na huɗu. Ladingo ta ratsa tsakiya ta durƙusa a gaban Magajiya, wadda ita kaɗai ce hannunta ba komai.

"Ranki ya daɗe, kyauta na kawo miki," in ji ta. "Garwashin ƙirya ne, sabo, babu irinsa. Ki karɓa."

Magajiya ta dubi kaskon da ido ɗaya, ta dubi Kiski da ɗayan, ba ta miƙo hannu ba. Ladingo ta juya ta miƙa wa Kiski, ta miƙa wa Gyare, ta zagaya majalisar kaf. Kowa ya sunkuyar da kai. Sai ta dawo tsakiya ta ce:

"Shekara shida ina ɗaukar kaskon nan, jiya aka yi mini kirari na ji daɗi, na ɗauka ni ce mai bayarwa. Yau tun ɗazu nake yawo da kyauta a ka, ta ƙi zama kyauta, don ba wanda ya karɓa. Ashe duk ranar da na bayar, wani ne ya buɗe mini kaskonsa. Malam Kiski, kowane garwashin da ka miƙa da hannun nan naka, daga kaina ka fara karɓarsa, ni ma daga bakin Maƙwaƙwafi na tara. Babu mai bayarwa a garin nan wanda ba mai karɓa ba ne, sai dai mun zaɓi rabin da ake yi wa kirari. Baba Tankari shi kaɗai ne ya ɗauki rabin da ba a yi wa kirari, ya zauna da shi cikin ruwan sanyi, don hannun kowannenmu ya samu ya zama ba komai. Ba na zargin kowa fiye da kaina, da ni aka kore shi. Ƙwaina biyu sun mutu. Saura bakwai, kuma ba za su kai gobe ba. Ni dai zan kai wannan inda za a karɓa."

Kiski ya soma gyaɗa kai don sabo, sai ya tuna ba maganarsa ba ce, ya tsaya. Albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko, shi kuwa sai a ranar ya gane albarkacin wa yake ci. Jikin Magajiya ya koma toka-toka da ɗigo-ɗigon fari. Ta yi gyaran murya ta ce doka doka ce, ba a warware ta sai ranar kirari ta baɗi. Amma ta duba da kyau, dokar ta yi maganar mazauni ne, ba ta hana baƙo shigowa ya huta a inda ya ga dama ba.

Ladingo ba ta tsaya jin ƙarshen bayanin ba. Ta fita cikin ruwan sama, ta dafe murfin da fiffike, tana tsallake kwatami har fadama. Ta sami Baba Tankari zaune a gindin wata ciyawa, hannuwansa a buɗe bisa gwiwa, kamar wanda ya manta yadda ake naɗe su. Ta durƙusa cikin taɓo. Duk maganar ban haƙuri da ta shirya a hanya ta gudu.

"Baba, na kawo maka kaya," in ji ta. "Duk garin ba mai iya karɓa."

Tsoho ya ɗaga murfin, ya tare garwashin, ya tsoma a ruwan fadama, ya yi cuu. Ladingo ta ji kanta ya yi sauƙi, sai hawaye suka zubo mata. Ta fara cewa da ita aka ɗaga fiffike, ya katse ta.

"Na gani, 'yar nan. Ƙwan nawa suka rage?"

Ta ce bakwai. Bai ƙara tambayar komai ba, bai ce sai majalisa ta aiko ba, bai ce sai an yi masa kirari ba. Ya kama hanya yana tsalle irin na tsofaffi, ita tana gaba tana dawowa, tana gaba tana dawowa. Sannu ba ta hana zuwa, amma a ranar Ladingo ta so a ce Allah ya yi wa kwaɗo fiffike.

Ya shiga ta ramin saiwa ya zauna a kududdufinsa, ya ɗaga hannu. Gafiya, wadda na uku ya sake cika wa kasko tun jiya, ta juye masa. Cuu. Na uku ya juye wa Gafiya, na biyu ya juye wa na uku, Kiski ya juye wa na biyu ba tare da wani salo ba, sannan ya buɗe kaskonsa ya miƙa wa na farkon layi da hannu biyu. Abin ya tashi daga ƙasa ya hau sama, hawa bayan hawa, har aka jiyo ƙwanƙwasar Maƙwaƙwafi daga can ƙofa. Tsakuwar gefen matakala ta soma ɗaukar zafi, tururuwa suka yi jerin gwano, kuma ba tare da an ce musu komai ba suka nufi ɗakin ƙyanƙyasa da ta farko. Wanda bai ga wannan ba bai ga abin sha'awa ba, gari guda ya farfaɗo saboda tsoho ɗaya ya buɗe hannu.

Bayan kwana huɗu ƙwai bakwai suka fashe, ƙaramin mai tsini ne na ƙarshe, kuma ya fi kowa tsiwa. Biyun da suka mutu Ladingo ta binne su a bakin kududdufin. Tun daga ranar, duk sawun da ta yi sai ta leƙa ƙasa ta ce sannu da aiki Baba, shi kuma ya ce yawwa, sannu 'yar nan.

Majalisa ta sha wahalar shekarar, don baƙon ya ƙi gama hutawa, kuma ba dama a ce an yi kuskure. Da ranar kirari ta zagayo, Kiski da kansa ya kawo mafita. Ya yi jawabi mai tsawo ya nuna cewa bincike ya tabbatar Baba Tankari mai bayarwa ne tun asali, domin yana ba da wuri, saboda haka doka ba ta taɓa shafarsa ba, kuma majalisa ba ta taɓa korarsa ba. Aka yi tafi. Aka naɗa shi Sarkin Kyauta na Kogo, aka ƙera lambar jan ƙarfe mai walƙiya kamar garwashin hawan farko. Da yake bai taso daga wurin aiki ba, sai aka bi da ita ta matakala, Magajiya ta ba Kiski, Kiski ya ba na biyu, har ta kai hannun Gafiya, Gyare yana ta zuba kirari ba tari ko ɗaya.

Gafiya ta miƙa ƙasa. Baba Tankari ya karɓa yadda ya saba karɓar duk abin da aka miƙo masa, ya tsoma a ruwa, ya ɗaga hannu yana jiran na gaba. Ladingo tana kusa, ta kasa kunne sosai, ta ce lambar ko cuu ba ta yi ba.